Sunan Ɗan Fari

Shekarar da hukuma ta fara rabon sanyi ɗaki-ɗaki, wata ma'aikaciya ta cire tsohon makunnin da Inna Kulu ke murɗawa, ta kafa na'ura mai magana.

"Inna, ki faɗa mata sunan kowa da bakinki. Wanda ba ki ambata ba, ɗakinsa ba sanyi."

Inna ta ambaci jikoki. Saura ɗanta na fari da ke kwance ba lafiya, wanda kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunansa ba.

"Sai wancan," ta ce.

"Ban san wancan ba," in ji na'urar.

Rana tana ƙara zafi. Inna ta matsa jikin bango, ta raɗa: "Zubairu."

Na'urar ta maimaita muryar Inna a kowane ɗaki.

Daga can ciki, murya a raunane ta amsa: "Na'am, Inna."