A Zuba Mata a Faranti

Da malaman Sashen Jinya suka jeru don hoton ƙarshen zango, ita ma ta gyara mayafi ta matso. Sai shugaban sashen ya miƙo mata wayarsa.

"Madam Laburare, taimaka ki ɗauke mu."

Ta ɗauke su. Tun da jami'a ta ciro ta daga laburare ta ajiye mata tebur a cikinsu, ita ke nemo musu mujallun bincike, ita ke zama da ɗalibansu har motar unguwarsu, Romi, ta tafi ta bar ta. Amma har yau ba wanda ya riƙe sunanta.

Ta nufi tsohon ofishinta, inda aka san ta. Ta tarar da abokan aikinta na da sun kewaye kwanon masa, kowa da hannu a ciki. Tana sallama hira ta tsaya. Wadda suka yi shekaru a tebur ɗaya ta miƙe da fara'a, ta goge kujerar baƙi.

"Lale da mutanen Jinya! A zuba mata nata a faranti."

Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya.