Dabarar Da Tatay Panyong Ya Ɓoye

Shekarar Tatay Panyong saba'in da ɗaya, kuma duk kudancin tsibirin Cebu na ƙasar Filifin babu wanda zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa sauke masa sanda a ka. Malamin eskirima ne, faɗan sanda na kaka da kakanni, wanda yanzu ake gasarsa a makarantu da hular kwano da sanda mai soso.

Ɗansa Ramil shi ke koyar da wasan a sakandaren garin. Duk abin da ya iya a hannun ubansa ya koya, saura abu guda. Akwai wani mugun duka da ke tasowa kamar gwiwa zai nufa, sai ya karkace ya sauka a gefen goshi. Yadda ake tare shi kuwa, Tatay ya ƙudundune a cikinsa.

Al'adar gidansu ce, malami ba ya sakin dabarar ƙarshe sai ranar da zai ajiye sanda. Daga ranar ɗa ne malami, uba ya koma ɗan kallo. Shi kuwa tsohon nan, kujerar gaba da ake ba shi a kowane biki ta fi masa komai daɗi, kuma ba ya jin zai bar ta yana numfashi.

Ramil ya roƙa har ya gaji. Ya ce so yake ya rubuta komai a littafi saboda ɗalibansa, kada wasan ya bi tsofaffi kabari. Tatay yakan yi dariya ya ce, "Yaro, ka ga kafinta ya zo auna ni don akwatin gawa ne?"

Ana saura kwana uku bikin waliyyin garin, sai wani mai suna Berting ya sauka daga tsibirin Bohol. A tsakiyar kasuwa ya tsaya yana cewa 'yan makarantar nan ba eskirima suke yi ba, dukan katifa ne kawai. In malaminsu ya isa, ya fito a yi irin ta da, babu hula, babu alƙali, da sandar baƙin icen kamagong. Ɗaliban Ramil na tsaye suna ji, sai zuciya ta ɗebi Ramil ya amsa.

Da Tatay ya ji sunan kakan baƙon, sai gabansa ya faɗi. Noy Karyo ne, mutumin da Tatay ya kayar shekara arba'in da suka wuce, wanda aka san gidansu da wannan dukan na gefen goshi.

Matarsa Nanay Pilang ta ga ya ture kifinsa da shinkafa bai ci ba. Ta ce, "Panyong, ka ba yaron nan abinsa. Da shi za a binne ka?" Ya ce ta daina yi masa baki. Ai Karyo ma tsoho ne irinsa, ba yadda za a yi ya saki dukansa ga jika. Haka ya yi ta lallashin kansa har kwana uku, alhali tsoro na cin sa.

Ranar bikin da hantsi, Ramil ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da sanduna biyu. Ya ce, "Tay, akwai abin da ya rage?"

Tatay ya dubi sandar da aka miƙo masa. Ya ji 'yan badujala sun taso daga majami'a, ya san yanzu za a zo ɗaukarsa zuwa kujerarsa. Sai ya ce, "Abin da na koya maka ya ishe ka."

An yi wasan a filin ƙwallon kwando, jama'a maƙil, ga ƙamshin gashi, ga bammin kwakwa na yawo. Ramil ya fi Berting hannu nesa ba kusa ba, sau biyu yana fasa masa yatsu. Can sai Tatay ya ga baƙon ya sauke kafaɗa, alamar dukan nan na tafe. Ya zabura yana kiran sunan ɗansa, amma ina, ba a koyar da eskirima da ihu. Ramil ya kai sanda gwiwa don ya tare, dukan ya same shi a gefen goshi. Ƙarar kamar an fasa kwakwa.

A asibiti Berting ya durƙusa gaban tsohon yana kuka. Ya ce kakansa bai ɓoye masa komai ba tun yana ɗan shekara goma sha biyar. "Shi ya ce gidanku kaɗai ke da maganin dukan nan, Tatay. Na rantse da Allah na ɗauka zai tare."

Ramil bai mutu ba. Bayan wata biyu aka dawo da shi gida a keken guragu, ɓarin damansa ya shanye, bakinsa ba ya fitar da magana. Tatay ya tura shi tsakar gida, ya ɗauki sanda yana hawaye, ya nuna masa dabarar. Rabin taku ne baya da juya wuyan hannu, ko minti ɗaya ba ta ci ba. Ramil ya bi shi da ido, hannunsa na kwance a cinya.

Mai karatu, ilimin da ke cikinka amana ce, ba naka ba ne kai kaɗai. Wanda ya yi rowarsa don tsoron kada a fi shi, sau da yawa nasa na jiki ne farkon wanda zai cutar, don haka ka koyar tun mai karɓa na da hannun karɓa.