Katin Awon Rahma

Sakamakon gwajin ya dawo daga Kano ranar Laraba da hantsi. Kafin azahar, Sista Safiya, mai awon ciki a Rano, ta sauka daga a-daidaita-sahu a ƙofar gidan Malam Haliru da ke Lausu.

Sunan da ke kan katin Rahma Haliru ne, shekara ashirin. Ranar Litinin wata abokiyar aikinta ta ɗebi jinin a cikin cunkoson mata. Da ta ga hawan jini ta ce a jira likita, amma mai katin ta sulale. Yanzu gwaji ya nuna furotin da ke cikin jinin ya kai matakin da jijjiga kan biyo baya, ta tafi da uwa da ɗa.

"'Yata ba ta je asibiti ba," in ji Malam Haliru a zaure. "Tun da ta zo goyon ciki ba ta leƙa waje ba."

"Malam, jinin nan daga jikin mutum ya fito. Ba zan tafi ba sai da mai shi."

Ta yi sallama ta shiga. Rahma tana tsaye tana surfe, jikinta garau. Mahaifiyarta, Saude, na zaune a inuwar rumbu cikin dogon hijabi duk da zafin ranar, takalmanta ajiye a gefe. Ta amsa gaisuwa ba ta tashi ba, tafin hannunta a kan ido.

Sau biyu Safiya ta auna Rahma. Lafiya lau. Ta duba hannayenta, babu tabon allura.

"Kin gani," Malam ya faɗa daga bakin ƙofa. "Na'urarku ce ta yi kuskure. A sauka lafiya."

Safiya ta aika wa direba ya jira, ta janyo tabarma ta zauna a tsakar gida. Malam ya ce zai kai ƙara wurin mai unguwa. Ta ce ya gaishe shi.

Aka kira la'asar ba ta motsa ba. Sai ta fara magana a hankali, ba tare da ta dubi kowa ba. Ta ambaci ciwon kan da ba ya jin magani, da walƙiya a ido, da zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da ƙafar da takalmi ya daina shiga.

"Na wanke gawar mata uku a bana," ta ce. "Dukansu masu kunya ne."

Taɓarya ta tsaya a hannun Rahma.

Saude ta dafa rumbu ta miƙe da ƙyar. Ta fito da hannunta daga hijabi, yatsu a kumbure, ga tabon allura a gwiwar hannu.

"Malam, zan bi ta, ko ka so ko ka ƙi," ta ce. Sannan ta juyo. "Ƙyale yarinyar, Sista, ni na ari katinta. Da wane ido zan je in yanki nawa katin, alhali ni da 'yata a wata ɗaya za mu haihu?"