Kyamarar Ɗakin Inna

Kullum da rana ta take, mai ɗinki takan ɗaga ƙafa daga kan keke, ta jingina wayarta da gwangwanin maɓallai, ta buɗe kyamarar ɗakin Inna.

Kyamarar tana can saman kabad, tana kallon gado. Tsohuwa na zaune a bakinsa, ga kwalbar magani a gefe, kullum sai ta manta da ita. Mai ɗinki takan danna alamar magana ta ce, “Inna, a sha magani.” Tsohuwa ta ɗaga kai ta yi murmushi, ta yi ta sa albarka, ba ta taɓa tambayar komai ba. Ita kuwa sai ta goge hawaye da yadin mutane ta koma aiki.

Mai guga, abokin zamanta a shago, ba ya rasa tsiya. Ya ce bai taɓa ganin mai zumunci da babban yatsa ba sai ita. Ya kuma ja kunnenta cewa masu haɗa irin waɗannan kyamarori ba sa canza lambar sirrin da suka zo da ita daga kamfani, don kada a ishe su da kiran “na manta”. Akwai ma shafin bincike da ke jero su reras, wanda ya ga dama ya leƙa. Ta ce ta sani, ta ci gaba da zura zare.

Ran nan, ba ta taɓa komai ba sai hoton ya motsa. Kyamarar ta juya a hankali, ta bar gadon, ta tsaya a kan ƙofa. Sai muryar wani namiji ta tashi a ɗakin, cike da ladabi.

“Inna, ke kaɗai ce? Ga ni a bakin ƙofa, zare sakata.”

Tsohuwa ba ta taɓa jin komai daga saman kabad ɗin nan ba sai alheri. Ta laluba sandarta ta miƙe.

Mai ɗinki ta fizgo wayar. Ta danna alamar magana, ta ƙi. Ta sake dannawa tana kiran Inna, Inna. Hannun tsohuwa na kaiwa kan sakata, hoton ya ɗauke. An canza lambar sirri.

Mai guga ya zari makullin babur ɗinsa. “Kira maƙwabta. Tashi in kai ki, wace unguwa ce?”

Ta zuba wa wayar ido. Ba ta san unguwar ba, ba ta san garin ba, ko sunan tsohuwar ba ta sani ba: ita ma a wancan shafin ta tsinci ɗakin, makon da aka binne mahaifiyarta.