Wadda Ba Ta Tsatsa

Kwana uku da kashe ƙanena, Baba ya kai ni kasuwar makamai a bayan birnin San'a.

"Kai da ka yi karatu a Turai, zaɓar mana ƙaramar bindiga."

Mai shago ya jera uku. "Ƙirar Austiriya ba ta cijewa, Alhaji. Ta ƙasar Cek ƙarfe ce zalla, jikanka ma zai gada. Wannan kuwa ta 'yan gayu ce."

"Baba, wa za ka harba?"

Bai kalle ni ba, sai ya tambayi mai shago. "Wacce za ta shekara goma a akwati ba tsatsa?"

Washegari ya ajiye ta Cek gaban dattijon da ke sulhunta mu da dangin wanda ya kashe ƙanena, shaidar ya haƙura da ramuwa. A mota ya ce, "Ba zan yafe jinin ɗana da ruɓaɓɓen ƙarfe ba."