Gashin da Bai Taɓa Gani Ba

Ubaidullahi na wanke burushi a ƙofar shagonsa na Zongo, sai ga Safina, wadda yake nema da aure. Zanen fuskarta ne ya ba shi nasara a jarrabawar ƙarshe ta makarantar zane, har aka rataye shi kowa ya gani. Sai dai ya zana ta babu ɗankwali.

"Baba ya gani," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ya mayar da goronku."

"Wallahi ƙagowa na yi, Safina. Ban taɓa ganin gashinki ba."

"Na sani. Wa zai yarda?"

Ta gyara mayafi, ta tsayar da mai babur. Kafin ta hau ta waiwayo.

"Ko kama da nawa bai yi ba."

Shi dai bai daina wanke burushin ba, alhali ya daɗe da fita tas.