Tazarar Minti Talatin

Hajiya Mairo, unguwarzomar ƙaramin asibitin Sabuwa, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba da Mansura ta ɗaga waya.

"Mace na zubar da jini a gabana, ina neman rukunin jininta, kwamfutarku ta sandare! Da ta mutu, wa zai ɗauki alhakin? Ke ko ni?"

Ta kashe wayar. Mansura ta bi allon da ke gabanta da kallo.

Ƙungiyar da take yi wa aiki tana da ƙananan asibitoci uku, a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Bayanan marasa lafiyarsu duka suna cikin babbar kwamfuta guda a ofishin Ƙanƙara, wadda ma'aikata ke kira saba. Wata manhaja ce ta raba sabar gida-gida, kowane aiki da ɗakinsa, kowane ɗaki kamar kwamfuta mai zaman kanta. Amma ƙarfin guda ne suke rabawa. In ɗaki ɗaya ya yi haɗama, sauran su sandare.

Mansura ba baƙuwar wannan saba ba ce. Gab da Sallah ma kwamiti ya karrama ta, saboda tsarin da ta rubuta da kanta, mai kwafe bayanai kowane kwata na awa ya adana su a wani wuri, ko da na'urar za ta ƙone. Yanzu ga shi wata guda bai cika ba, ana zaginta a waya daga garuruwa uku. Har Alhaji Gide, shugaban kwamiti, ya rantse a taro cewa duk wanda aka samu da laifin wannan sandarewa ya bar aiki ke nan.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne allon sa ido. Aikinsa ya leƙa kowane ɗaki duk daƙiƙa ashirin, ya zana layin nauyin da ke kansa. Amma layukan kwance suke lafiya lau, kamar ba abin da ke faruwa. Ta buɗe saitinsa. An mayar da tazarar daga daƙiƙa ashirin zuwa minti talatin. A haka, ko saba ta shaƙe na minti biyu, lissafi zai baje shaƙewar cikin rabin awa, ta ɓace.

Mutum biyu ne kawai ke iya taɓa wannan saiti, ita da Malam Yahya, babban jami'in da ya koya mata aikin. Ta ci gaba da bincike, sai ga wani sabon ɗaki a cikin sabar wanda ba ta san da shi ba, an sa masa suna Gwajin Yahya.

Nan take komai ya haɗu a ranta. Ashe shi ya sa tun ranar karramawa yake yawan tambayarta yadda ta rubuta tsarinta. Shi ya sa ya roƙe ta ta ba shi ya duba, ta hana, don ta ga alamar hassada ce. Mutumin da ya buɗe wa kansa ɗaki a ɓoye, yana cinye ƙarfin asibitoci, ya kuma rufe idon na'ura don kada a gani. Ita tana shan zagi, shi yana zaune yana kurɓar shayi.

Ba ta yi masa magana ba. Kai tsaye ta kira Alhaji Gide.

Bayan la'asar kwamiti ya hallara a ɗakin taro, aka haska allon a bango. Mansura ta nuna saitin da aka canza, ta nuna ɗakin ɓoye. Cikin fushi ta ba da labarin matar Sabuwa.

Alhaji Gide ya juya. "Malam Yahya, kai ka canza?"

"Ni ne, Alhaji."

"Don mi?"

Malam Yahya ya dubi Mansura, ya yi ƙasa da murya. "Ɗiyata, ki bari su fita. Ki duba ke kaɗai tukuna."

"Babu abin da zan duba a ɓoye, Malam. Ɓoye-ɓoyen ya isa haka."

Alhaji Gide ya buga tebur, ya ce Malam Yahya ya ajiye makullan ofis. Dattijon ya ajiye su a hankali, ya gyara hularsa, ya fita ba tare da ya waiwayo ba.

"Yanzu za ku gani da idonku," in ji Mansura. Ta mayar da tazarar daƙiƙa ashirin.

Layukan suka farfaɗo, suna motsi sama da ƙasa. Kowa ya zuba wa allon ido. Ita idonta na kan layin Gwajin Yahya, tana jiran ya zabura.

Da ƙarfe biyar saura kwata, layi guda ya yi ja, ya harba sama har ya taɓa rufin allon. Layukan asibitoci uku suka daskare a ƙarƙashinsa. Na Malam Yahya kuwa yana kwance, bai motsa ba.

"To, ga ɓarawon," in ji Alhaji Gide, yana gyara tabarau. "Matsa mu ga sunansa."

Hannunta ya riga hankalinta dannawa. Sunan ya fito ɓaro-ɓaro a bango, kowa ya karanta abin da Malam Yahya ke rufa wa asiri: Ajiyar Mansura.